Maigidana ya ƙara shekara a Koriya kan alkawarin kuɗi, wata bakwai shiru: ina mafita?

"Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar zangon Kumasi ce, ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York da yarana biyu. Maigidana ƙaramin soja ne a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, an tura shi Koriya ta Kudu ba tare da iyali ba. Da wa'adinsa ya kusa cika, sajansu ya ce masa idan ya ƙara shekara ɗaya za a riƙa ba shi ƙarin dala 300 duk wata. Muka yi shawara na ce ya tsaya, don muna da gini a gida, ga mahaifiyarsa ba lafiya. Ya sa hannu ya tsaya. Yau wata bakwai ko sisi bai shiga ba. Da ya je ofishin albashi sai aka ce takardar ƙarin wa'adi kawai ya sa wa hannu, babu ta kuɗin, kuma ba a biyan na baya. Wani abokinsa shi an biya shi a dunƙule, amma da aka mayar da shi Amurka kafin shekarar ta cika sai aka ce ya dawo da kuɗi. Malam, yaudara ce wannan? Akwai abin da za mu iya yi, ko mu bar wa Allah?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba surukarki lafiya, Ya dawo miki da maigidanki cikin aminci. Saƙonki ya taɓa ni, domin irin wannan kukan na yi shekaru ina saurara ta tagar ofishin albashi lokacin da nake cikin kaki, kuma har bayan na ajiye aiki yaranmu na zango da na Arewa da suka shiga sojan Amurka ba su daina kirana a kansa ba. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani. Na farko, shin maganar da saja ya yi wa mijinki da baki tana da nauyin da za ta sa a biya shi, har da watanni bakwai da suka wuce? Na biyu, da wane dalili ake ba soja kuɗi sannan a dawo a ce ya mayar?

Bari in fara kwantar miki da hankali ta gefe ɗaya. A mafi yawan irin wannan da suka biyo ta hannuna, ba wanda ya zauna ya ƙulla cuta. Sakaci ne, da rashin sani, da takarda da ta kwana a durowar wani. Amma sakacin wani ba dalili ba ne da zai sa haƙƙin mijinki ya bi ruwa. Ku ɗaure raƙuminku tukuna, sannan ku yi tawakkali.

Kuɗin ƙarin wa'adi ba iri ɗaya ba ne

Gwamnatin Amurka ba don tausayi take biyan wannan kuɗi ba, riba take ci. Duk sojan da aka sauya wa wurin aiki sai an biya masa jirgi, an kwashe kayansa, an kawo wani a madadinsa, shi kuma sabon ya yi watanni kafin ya san kan aiki. Ma'aikatar tsaro na kashe biliyoyin dala kowace shekara a kan wannan kai-komo kaɗai. A Koriya ta Kudu, inda Amurka ke da sojoji kusan 28,500, an yi shekaru aru-aru wa'adin wanda ya je ba iyali wata 12 ne, sai ka ga rukuni ya wayi gari yawancin mutanensa baƙi ne. Saboda haka ba wa tsohon hannu 'yan ɗaruruwan dala ya zauna ya fi musu araha nesa ba kusa ba. Ina faɗa miki wannan ne don ku daina jin kamar alfarma kuke roƙo.

Tsohon tsarin da aka fi sani shi ne wanda sojoji ke kira OTEIP, wato tukuicin ƙara wa'adi a ƙasar waje, yana cikin sashe na 314 na kundi na 37 na dokokin Amurka. Sojan da ya cika wa'adinsa a wurin da aka ayyana, sana'arsa ta soja tana cikin waɗanda ake nema, kuma ya sa hannu zai ƙara aƙalla shekara ɗaya, yana da zaɓi: ko dala 80 duk wata, ko kuɗi a dunƙule da bai wuce dala 2,000 a shekara ba, ko hutun kwana 30 da ba za a cire daga hutunsa na shekara ba, ko hutun kwana 15 tare da tikitin zuwa Amurka da komawa. Ɗaya ake ɗauka, ba a haɗawa. Na sha ganin wanda ya zaɓi hutu, ya je gida ya dawo, sannan ya zo taga yana tambayar ina kuɗinsa.

Tsari na biyu shi ne AIP, wato ƙarin kuɗin da ake ba soja don ya yarda ya yi aiki a wani wuri, wanda majalisar dokoki ta amince da shi a 2002. Sojan ruwa ne suka fara aiki da shi a 2003, ta wata hanya mai kama da gwanjo: soja ya faɗi nawa zai karɓa a wata don ya je wuraren da mutane ke gudu a Italiya da Japan, a duba wanda ya fi dacewa kuma ya fi sauƙi. A 2004 sojan ƙasa suka kawo shi Koriya, dala 300 a wata ga wanda ya ƙara shekara ɗaya, daga baya kuma dala 400 ga wanda ya ƙara biyu. Kin ga ke nan adadin da sajan mijinki ya faɗa ba daga sama ya tsinto shi ba, adadi ne da ya daɗe yana yawo a bakin sojojin Koriya. Matsalar ita ce wannan kuɗi ba dawwamamme ba ne kamar albashi. Takardar umarni ce daga hedikwata ke buɗe shi, ita ke faɗin wane muƙami, wace sana'a, wane rukuni, nawa, kuma zuwa wace rana. Ana sabunta ta, ana sauya sharuɗɗanta, wani lokaci ta ƙare a yi jinkirin fitar da sabuwa. Saja na iya faɗin abin da ya sani tun zamanin da shi ya karɓa, da zuciya ɗaya, alhali ƙa'ida ta riga ta sauya.

Akwai kuma ƙarin wa'adi na dole, wanda ba a tambayi ra'ayin kowa ba. A Afrilun 2004 an tsayar da sojoji kusan 20,000 a Iraƙi suna dab da tafiya gida, aka ƙara musu wata uku. A 2006 wata birged daga Alaska ta gamu da irin haka, har sai da aka mayar da wasu ɗaruruwa Iraƙi bayan sun riga sun isa wurin iyalansu. A wancan zamani wanda ya haura wata 12 a fagen daga bisa tilas ana ba shi ƙarin dala 1,000 a wata. Na mijinki ba wannan ba ne, shi da yardarsa ya tsaya, kuma a mai yarda sa hannu shi ne komai.

Maganar saja ba ta ɗaure baitulmali

Nan ne ɗacin yake, kuma gara ki ji shi daga bakina. A al'adarmu alkawari kaya ne, babba ya faɗa a gaban shaidu magana ta zauna. A dokar albashin sojan Amurka ba haka ba ne. Tun 1961 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Bell, cewa haƙƙin soja na albashi daga dokar da majalisa ta rubuta yake fitowa, ba daga yarjejeniya irin ta ɗan kasuwa da yaron shagonsa ba. A 1990 kuma aka yi shari'ar Richmond, wani mai walda da ya yi wa sojan ruwa aiki ya yi ritaya saboda larura. Ma'aikatan gwamnati suka ba shi bayanin da ya tsufa game da iyakar abin da zai iya samu a wani aiki, ya bi maganarsu, ya rasa fanshon wata shida. Kotu ta ce kuskuren ma'aikaci ba zai tilasta wa baitulmali fitar da kuɗin da doka ba ta ba da izini ba. Wannan hukunci ne ke tsaye a bayan magatakardan da ya ce wa mijinki ba abin da zai iya yi. Ba taurin kai yake yi ba, in ya biya ba takarda shi za a kama.

Ni dai ban taɓa jin wannan ƙa'ida ta kwanta mini a rai ba. Yaro ɗan shekara 22, wanda aka koya wa cewa maganar sajansa umarni ce tun ranar da aka aske masa kai, shi ake sa ran zai ce wa sajan nuna mini a rubuce. Nauyin kuskure ya tsallake mai igiya a hannu ya faɗa kan wanda ya fi kowa rauni. Amma haka dokar take, kuma wanda zai yi nasara sai ya san ta yadda take.

Sai dai akwai wata shari'ar da ke gefenku. A 1977 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Larionoff, wasu sojojin ruwa da suka amince su ƙara shekarun aikinsu saboda wani kuɗin garaɓasa da ake ba masu sana'arsu. Kafin lokacin ƙarin ya zo, sai aka cire sana'ar daga jerin waɗanda ake ba kuɗin, aka ce ba su da komai, amma ƙarin aikin yana nan a wuyansu. Kotu ta ce a'a, haƙƙinsu ya tabbata ne a ranar da suka amince, bisa ƙa'idar da ke aiki a wannan ranar. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne muhimmancin kwanan wata. Tambayar da za ta raba gardamar mijinki ba ita ce me saja ya ce ba. Ita ce: a ranar da ya sa hannu kan ƙarin wa'adi, wace takardar umarni ce ke aiki, kuma shin ya cika sharuɗɗanta?

Idan amsar ita ce tsarin a buɗe yake kuma ya cancanta, sai dai ba wanda ya miƙa masa takardar yarjejeniyar kuɗin, to ƙafarsa a kan dutse take. Wannan kuskuren ofis ne, kuma akwai hanyar gyara shi. Idan ma ya sa hannu ba tare da ya lura ba, takardar ta maƙale tsakanin ofishin ma'aikata da na albashi, to ya fi sauƙi, a nemo ta kawai. Waɗannan ofisoshi biyu daban suke, ɗaya ke sauya ranar dawowarsa gida, ɗaya ke sakin kuɗi, kuma sau da yawa na farko ya gama nasa ba tare da na biyu ya ji labari ba. Inda abin ke tsauri shi ne idan bai cancanta ba tun farko, ko don sana'arsa ba ta cikin jerin, ko don a lokacin an ɗora masa alamar dakatarwa saboda faɗuwa gwajin motsa jiki ko nauyin jiki ko wani laifi, ko don wa'adin tsarin ya ƙare. A wannan hali kuɗin zai yi wuya, gaskiya ɗaya ce. Abin da zai iya nema shi ne a rage masa ƙarin wa'adin ya dawo gida, tunda a kan bayanin da ba daidai ba ya amince.

Ba na mantawa da wani yaro da ya zo tagata da wata takarda da ya ninke huɗu ya cusa a walat, duk gefenta ya yi laushi da gumi. Wata biyar yana jira. Na warware ta a kan tebur na bi ta da yatsa layi-layi. Sa hannunsa na nan, kwanan wata na nan, amma akwatin da kwamanda zai sa hannu fari fat. Asalin takardar muka tarar a ƙasan wasu fayiloli a durowar magatakardan rukuninsu, wanda aka yi wa canjin wurin aiki a makon da ya karɓe ta. Yaron ya tsaya yana kallon akwatin nan kamar zai yi kuka, ya ce mini matarsa ta riga ta kama gidan haya mai ɗaki biyu a kan lissafin wannan kuɗi. Abin da ya cece shi kwafin nan ne na cikin walat, da kuma kyaftin ɗinsu da ya yarda ya rubuta cewa laifin ofishinsa ne ba na yaron ba. An biya shi duka, amma sai da aka haura shekara.

"Ba a biyan na baya"

Wannan magana gaskiya ce a bakin taga, amma ba ita ce ƙarshen zance ba. Galibin takardun umarnin AIP suna cewa kuɗi na fara gudu ne daga lokacin da aka amince da yarjejeniya, shi ya sa magatakarda ba shi da ikon komawa baya. Waɗanda ke sama da shi suna da wannan iko, kuma sun sha amfani da shi.

Dubi abin da ya faru da dakarun jihar Minesota. Sojoji kusan 2,600 ne, aka kira su aiki na wata 22, 16 daga ciki a Iraƙi, bayan an ƙara musu wa'adi a farkon 2007. Da suka dawo, fiye da 1,100 daga cikinsu suka tarar an rubuta takardar kiransu kwana 729, alhali cikakken tallafin karatu na buƙatar kwana 730. Kwana ɗaya tak. Mutanen da suka kwana a rami ɗaya, wani ya samu wani ya rasa. Hukumar gyara bayanan soja ce aka bi aka gyara takardun. Waɗannan bayin Allah kuma sun sake faɗawa wani gibin: a Janairun 2007 sakataren tsaro Robert Gates ya sanar da ƙarin ranakun hutu ga waɗanda aka tsawaita wa aiki fiye da ƙima, amma sojan ƙasa ba su fitar da ƙa'idar aiwatarwa ba sai Agusta, su kuwa sun dawo a Yuli. Sai da majalisa ta yi doka a 2009 a biya su dala 200 kan kowace rana da suka rasa, kuɗin ya fara shiga a 2010.

A 2009 ɗin ne kuma aka amince a biya dala 500 kan kowane wata ga sojojin da aka hana sallama bayan wa'adin aikinsu ya cika, daga Satumbar 2001 zuwa Satumbar 2009. An ƙiyasta mutum 145,000 sun cancanta, amma sai kowa ya cika takarda ya nema da kansa, kuma an yi ta ɗage ranar rufewa saboda da yawa ba su ma ji labari ba. Ko a ƙasashenmu an ga irinsa. Bayan kwanton ɓaunar Tongo Tongo a Nijar a Oktoban 2017, inda aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da sojojin Nijar, sai aka lura sojojin Amurka da ke can ba sa karɓar alawus ɗin haɗari na dala 225 a wata. A Maris 2018 aka amince da shi, aka kuma mayar da lissafin baya zuwa Yunin 2017. Saboda haka ana biyan na baya, sai dai ba mai taga ke yanke hukuncin ba.

Batun abokinsa da aka ce ya mayar

Kuɗin da aka bayar a dunƙule tamkar kafin alƙalami ne a kan aikin da ba a yi ba tukuna. Wanda ya karɓi dala 2,000 na shekara ya bar wurin bayan wata tara, lissafin wata uku, wato dala 500, shi ne abin da ake kira kason da bai ci guminsa ba, kuma sashe na 373 na kundi na 37 ɗin nan ya ce a karɓo shi. Kwamfutar albashi ba ta tambayar dalili, da ta ga ranar tashi ta sauya sai ta rubuta bashi. Amma dokar ta bar ƙofa. Ba a karɓa daga wanda ya rasu ko ya nakasa a fagen daga, kuma sakataren rundunar na da ikon yafewa idan karɓar ta saɓa wa adalci ko maslahar ƙasa. A ƙa'idar ma'aikatar tsaro, idan rundunar ce da kanta ta ɗauke soja don buƙatarta, galibi ba a bin sa. Idan shi ya nemi tafiya, ko laifi ya sa aka kore shi daga wurin, zai biya. Don haka abokin mijinki ya duba takardar da aka mayar da shi da ita, ya ga wane dalili aka rubuta.

Akwai wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa. Fom DD 2789, na neman yafiya, an yi shi ne don kuɗin da aka biya bisa kuskure tun asali, kuma ana da shekara biyar daga lokacin da aka gano kuskuren. Kuɗin da aka biya daidai, daga baya sharaɗi ya warware, ba kuskure ba ne a idon doka. Wanda ya cika wannan fom a kansa zai yi watanni yana jira a dawo masa da amsar cewa ba nan ne wurin ba. Nasa hanyar ita ce neman soke bashi, wanda a sojan ƙasa ake yi da fom DA 3508, ko neman hukuncin sakatare a ƙarƙashin sashe na 373. Shi kuma wanda aka ci gaba da zuba wa kuɗin wata-wata bayan ya bar Koriya, kada ya taɓa su. Masu duba yafiya na tambayar abu ɗaya: ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa kuɗin ba nasa ba ne? Tunda duk wata ana ba shi takardar albashi, ana ɗauka ya karanta. Idan an tabbatar ba laifinsa ba ne aka yi masa ƙari, doka ta hana a cire fiye da kashi 15 cikin 100 na albashinsa a wata sai da yardarsa.

Mafi girman rikicin mayar da kuɗi shi ne na dakarun jihar Kaliforniya. A Oktoban 2016 jaridar Los Angeles Times ta bayyana cewa ana bin sojoji kusan 10,000 kuɗin garaɓasar sabunta aiki, da yawansu dala 15,000 ko fiye, waɗanda aka ba su kusan shekara goma baya lokacin da ake neman mutane ido rufe don Iraƙi da Afganistan. Jami'ar da ke kula da shirin ta riga ta amsa laifin shigar da takardun ƙarya an ɗaure ta, amma sojojin da suka karɓa da zuciya ɗaya, suka je yaƙi suka dawo, su aka bi da kuɗin ruwa da barazanar kame albashi. Cikin kwanaki da fitar labarin sakataren tsaro Ash Carter ya dakatar da karɓar, kuma bayan an duba fayiloli fiye da 17,000, 'yan ɗaruruwa ne kawai aka ce su biya. Wasu kafin nan sun riga sun jinginar da gidajensu.

Ta inda zai bi

Kafin ya ƙara taka ƙafa zuwa wani ofis, ya tara takardunsa wuri ɗaya: kwafin takardar ƙarin wa'adi mai kwanan wata, takardar da ta tura shi Koriya tun farko, takardun albashinsa na watanni bakwai ɗin nan, da duk wani saƙon waya ko imel da aka ambaci kuɗin a ciki. Ya nemi ofishin ma'aikata na bataliyarsu su ba shi takardar umarnin AIP da ke aiki a ranar da ya sa hannu, ba ta yau ba. Sannan ya je wurin sajan nan cikin ladabi, ba da faɗa ba, ya roƙe shi ya rubuta 'yan layuka cewa shi ya gaya masa akwai kuɗin kuma ba a ba shi takardar ba. Wannan ya yi shi a makon nan. A Koriya mutane ba sa daɗewa, wata biyu nan gaba sajan na iya kasancewa a Teksas, kyaftin ɗin a Jamus, sabbin da suka zo kuma su ce ba su san zancen ba.

Daga nan ya shigar da tambayar albashi a rubuce, fom DA 2142, domin amsar baki ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Idan an ƙi a rubuce, kwamandansa ya tura buƙatar keɓancewa daga ƙa'ida zuwa sama, yana bayanin cewa kuskuren ofis ne. Da yawa a nan suke ƙarewa. Idan ba ta yi ba, sai hukumar gyara bayanan soja, da fom DD 149, cikin shekara uku daga gano kuskuren. Ikon wannan hukuma babba ne: tana iya gyara fayil ya nuna kamar an sa hannu kan yarjejeniyar a ranar da ya kamata, kuma da zarar fayil ya nuna haka, hukumar biyan albashi ta DFAS za ta lissafa ta biya. Doka ta ce ta kammala kashi 90 cikin 100 na ƙararraki cikin wata 10, sauran cikin wata 18, amma a aikace a shirya wa jira. Neman kuɗi daga gwamnati gaba ɗaya yana da iyakar shekara shida, bayan nan ƙofa ta rufe. Lauyoyin soja na ofishin taimakon shari'a kyauta suke duba irin wannan, akwai kuma sufeto janar idan rukuninsu ya ƙi motsi.

Ke ma kina da rawar takawa daga Bronx. Ofishin ɗan majalisar tarayya na mazaɓarku na da ma'aikacin da aikinsa ke nan, bin kadin matsalolin sojoji, sai dai mijinki ya sa hannu kan takardar izinin duba bayanansa. Doka ta hana a hana soja magana da ɗan majalisa ko a rama a kansa saboda ya yi. Na san yaranmu masu katin zama da ba su karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba tukuna suna tsoron ɗaga murya, suna ganin za a sa musu ido. Tambayar haƙƙinka a rubuce ta hanyar da aka tanada ba laifi ba ne, ba ta ɓata fayil. Shawarata dai ku ajiye wannan mataki sai an ga na cikin gida sun gaza, don kyaftin da aka ba dama ya gyara da kansa ya fi saurin rubuta takarda mai kyau fiye da wanda wasiƙar majalisa ta faɗo wa a tebur.

Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne ki hana shi huce haushi a kan aiki. Kada ya ƙi fita fareti, kada ya tara abokai su yi gangami, kada ya hau intanet yana zagin manyansa. Mu da muka fito daga Afirka ta Yamma mun ga ƙarshen wannan hanya. A 2008 sojojin Najeriya da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya sun fito kan titi a Akure saboda alawus ɗinsu da aka riƙe. Kukansu na da tushe, amma a 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai bisa laifin tawaye, kafin daga baya a rage zuwa shekara bakwai. Dokar sojan Amurka ma ba ta wasa da ƙin bin umarni, kuma alamar ladabtarwa ɗaya a fayil na iya kashe cancantarsa ga kuɗin da yake nema.

Ni ba lauya ba ne, ma'aikacin albashi ne da ya ajiye aiki, kuma ban ga takardun mijinki da idona ba, saboda haka ba zan ce miki tabbas za a biya ba. Takardar umarnin ranar da ya sa hannu ita za ta faɗi gaskiya, lauyan soja kuma shi zai karanta masa ita da hurumi. Ko an biya, ku sani Koriya ba fagen daga ba ce a lissafin haraji, za a cire haraji, kuma a kuɗin dunƙule kashi 22 cikin 100 ake fara riƙewa, don haka dala 2,100 na wata bakwai ba za su shigo cif ba. Ku dakatar da lissafin gini a kan wannan kuɗi har sai kun gan shi a takardar albashi. Idan jinyar Hajiya ta matsa kafin nan, kada ya je wurin masu ba da bashin ruwa da ke kewaye da bariki. Akwai asusun agajin gaggawa na sojan ƙasa, AER, da ke ba da rance ba ruwa, wani lokaci ma kyauta, kuma ta hannun babban sajan kamfaninsu ko ofishin asusun da ke barikin ake nema. Idan ya samo takardar umarnin da kwafin abin da ya sa wa hannu, ki sake rubuto mini kwanakin watan da ke jikinsu, mu duba tare.